Yadda za ka tattala ruwa a wurin gini ba tare da ka cuci ginin ba

Duk mai gini ya san adadin buhunan simintin da ya saya. Yana kulle su a sito, yana ƙirga su safe da yamma, in ɗaya ya ɓata sai mai gadi ya yi bayani. Amma tambaye shi lita nawa na ruwa ginin ya sha daga harsashi zuwa linta, amsar ita ce tanka dai tana ta zuwa. Ga shi kuwa a Kano, Gusau ko Damagaram, daga watan Maris zuwa Mayu, rashin ruwa kaɗai yakan tsayar da aiki cak. Kano da kewayenta a kan dutse suke zaune, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana maƙale ne a tsagogin dutsen da ruɓaɓɓen da ke samansa, shi ya sa rijiyar burtsatse take kawowa sosai a wannan layin, ta layin baya kuma ta ƙafe da bazara. Ruwan da tanka ta juye maka, sau da yawa daga inda 'yan garuwa ke ɗibar na shan unguwa aka ɗebo shi.

Kafin a shiga matakai akwai abin da ya kamata a fahimta. Siminti yana yin ƙarfi ne ta hanyar haɗuwa da ruwa a hankali, kwana da kwanaki, ba ta bushewa ba. In danshi ya ƙare, ƙarfin ya tsaya a inda ya kai. Don haka wanda ya rage ban ruwa da sunan tattali ya cuci kansa da waɗanda za su kwana a ɗakin. Ruwan da za a rage shi ne wanda ake ambaliyarsa cikin kwaɓi, da wanda rana da iska ke ɗauke wa, da wanda ke malala a ƙasa ba wanda ya kula. Waɗannan ukun su ne mafi yawan abin da kake biya.

Mataki na farko: yi lissafin ruwa ranar da kake lissafin siminti

Ka zauna da injiniya ko babban birkila da takarda. A ɗauki misalin dekin, wato rufin kankare, mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10, kauri santimita 15. Kankarensa kubik mita 15 ne. Da haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, zai ci buhu kusan 95. Kowane buhu mai kilo 50 yana son ruwa tsakanin lita 22 zuwa 28, wato kusan jarka guda irin ta 'yan garuwa mai lita 25. A kan jarka guda ga kowane buhu, ruwan kwaɓin dekin gaba ɗaya bai wuce lita 2,400 ba ke nan, ko rubu'in tanka mai lita 10,000 bai cika ba. In ka ga tanka biyu ta ƙare a ranar zubi, to akwai inda ruwan ya bi wanda ba cikin kankare ba.

Haka za ka bi sauran ayyukan: buga bulo, ɗora shi, ciko, filasta, ban ruwa, wanke kayan aiki, da ruwan sha da alwalar ma'aikata. Ba lallai lissafin ya fito daidai ba. Amfaninsa shi ne ka samu abin da za ka gwada da shi in ruwa ya fara gudu.

Mataki na biyu: ma'aji tun kafin a haƙa harsashi

Kada tanka ta fara zuwa kafin ka tanadi inda za ta juye. Ramin da aka haƙa aka shimfiɗa masa tsohon tamfol, ƙasa tana shan rabonta ta huda, rana tana shan nata ta sama, awaki da leburori kowa na tsoma abin da ya ga dama. Dabarar da ta fi araha ita ce ka fara gina ramin da dama gidan zai buƙata, tankin ƙasa ko ramin sokawe, a yi masa filasta mai kyau ciki, a yi amfani da shi a matsayin ma'aji har aiki ya ƙare. In ba haka ba, ka sayi tankin roba mai lita 2,000 ko fiye, wanda daga baya zai hau saman gidan. Ka ɗora shi kan bulo hawa uku ko huɗu don ruwa ya sauko da kansa, ka sa masa famfo mai kullewa.

Ko wane iri ka zaɓa, a rufe shi. Murfi yana hana rana ɗauka, yana hana sauro hayayyafa, kuma mafi girma yana tsare ran yara. Ramin ruwa a buɗe a kangon gini, bayan ma'aikata sun tashi, tarko ne ga yaran unguwa da almajirai masu neman wurin wanka. A sa murfi mai nauyi da kwaɗo, kada a bar wannan sai gobe.

Sai ka samu sanda ka yi mata zane-zane, ko ka yi alama da fenti a jikin tanki. Mutum ɗaya, yawanci mai gadi ko mai kula da sito, shi zai riƙa rubuta inda ruwa yake da safe da inda ya tsaya da yamma. Wata rana in an tashi, a kulle komai a duba alamar, da asuba a sake dubawa. In ya sauka cikin dare, ko yoyo ne ko ana ɗiba, duka biyun gara ka sani. In maƙwabta ne ke bukata, ka ware musu lokaci da rana su ɗiba a fili. Ya fi alheri, kuma lissafinka ba zai rikice ba.

Mataki na uku: duba irin ruwan

Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi mai sauƙi ce: ruwan da za a iya sha ya isa a yi kankare da shi. Na rijiya mai ɗanɗanon gishiri yana sa rodi tsatsa a cikin ginshiƙi, shekaru kaɗan sai ka ga kankare yana ɓarewa. Ruwan da ya gauraya da mai ko gas, kamar wanda aka kawo a tankar da ta taɓa ɗaukar man fetur ba a wanke ta ba, yana hana siminti kama yashi. Sukari, ko kaɗan ne, yana hana shi daskarewa a kan lokaci. Ruwan kududdufi mai gansakuka, ruwan rini, da wanda ke fitowa daga majemu irin na Sharada, Challawa da Bompai a Kano, duk a nisanta su daga kwaɓi.

Wannan ba ya nufin ruwa mara kyau ba shi da aiki. Ka raba ruwanka gida biyu: mai tsabta na sha da kankaren da ke ɗauke da nauyi, sai na biyu, wanda ya ɗan gurɓace da laka kawai, na ciko da kwantar da ƙura da wanke baro. In kana shakkar wani ruwa kuma ginin bene ne, a buga ƙananan dunƙulen kankare da shi, a buga wasu da ruwa mai kyau, a kai sashen injiniyan gine-gine na jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha a murƙushe su bayan kwana 7. In na ruwan da ake shakka ya kai kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ɗayan, ana karɓarsa.

Mataki na huɗu: auna ruwan kwaɓi

A nan ake fafatawa da ma'aikata, kuma a nan nake so mai gini ya tsaya da ƙafarsa. Lebura yana son kwaɓi mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin juyawa da shebur, ya fi sauƙin zubowa daga kwano, kuma yana shiga tsakanin rodi da kansa. Za ka ji ana cewa, "Oga, ya yi tauri, a ƙara masa ruwa." Ba mugunta ba ce, wanda ya yini yana hawa tsani da kwano a ka ya san abin da yake ji a wuya. Sai dai duk ruwan da ya wuce abin da siminti ke buƙata, fita zai yi daga baya ya bar ƙananan ƙofofi a jikin kankaren. Tun 1918 wani injiniya a Amurka, Duff Abrams, ya nuna cewa ƙarfin kankare yana bin yawan ruwan da aka sa wa siminti ne. Daga lita 25 a buhu zuwa lita 35, ƙarfin yana iya faɗuwa da fiye da kashi ɗaya cikin uku, alhali simintin da ka biya bai ragu ba.

Ka ɗauke tiyo daga bakin injin kwaɓi gaba ɗaya. A ajiye ganga a gefe, da bokiti ɗaya wanda aka auna aka yi masa zane, a ce bokiti kaza ga buhu ɗaya, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa zubawa. In da hannu ake kwaɓawa, a yi dandamalin siminti mai ɗan baki a kewaye, ko a shimfiɗa farantin ƙarfe. Kwaɓi a kan tsurar ƙasa asara biyu ce: ƙasa ta sha ruwan, ruwan kuma ya tafi da madarar simintin. A fara juya yashi, tsakuwa da siminti a bushe har launinsu ya zama ɗaya, sannan a buɗe tsakiya a zuba ruwa kaɗan-kaɗan.

Ka lura da yashin kansa. Wanda aka kwaso jiya daga rafi ko wanda ruwan sama ya daka yana ɗauke da ruwansa, sai a rage na bokiti. Damƙi shi a hannu: in ya dunƙule ya bar danshi a tafinka, jiƙaƙƙe ne, in ya zube ta tsakanin yatsu, busasshe ne. Tsakuwar da ta yini a ranar Afrilu kuwa zafi gare ta, tana shanye ruwan kwaɓi nan take, don haka a yayyafa mata ruwa tun da yamma ko a yi mata rumfa. Yashi mai laka da yawa ma yana jawo ƙarin ruwa. Zuba shi a kwalba zuwa rabi, cika da ruwa, girgiza, ajiye na wasu sa'o'i. In lakar da ta kwanta a sama ta kusa kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, ka canja mai kawo maka.

Don a daina gardama a kan tauri, ka sa mai walda ya yi maka mazurarin gwaji: tsayi santimita 30, gindi 20, baki 10. A cika shi hawa uku, kowane hawa a caccake shi da rodi sau 25, a ɗaga a hankali. In tulin ya sauka da santimita 5 zuwa 10, ya yi wa yawancin aikin gida. In ya baje a ƙasa, ruwa ya yi yawa. Abin da zai sa ma'aikata su yarda da kwaɓi mai kauri shi ne ka yi hayar injin girgiza kankare a ranar zubi, shi zai tura shi lungu-lungu. A babban aiki akwai sinadaran sassauta kankare, irin na Sika da Fosroc, masu sa shi laushi ba tare da ƙarin ruwa ba, amma a bi ma'aunin da ke jikin jarkar kuma da sanin injiniya.

Lokacin zubi ma yana da tasiri. A fara da sassafe ko a bari sai la'asar. A jiƙa katakon kafinta kafin a zuba, a toshe ramukansa da takardar buhun siminti. In daɓen ƙasa ne, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashi, tana hana ƙasa tsotse ruwan kankaren yau, tana hana danshi hawowa ɗaki gobe.

Mataki na biyar: ban ruwa, inda mafi yawan ruwan ke tafiya

Yadda aka saba shi ne a ba yaro tiyo ya fesa wa dekin ruwa da safe, ya sake da yamma. Da hunturu ko bazara, kafin awa ɗaya saman ya bushe ƙayau, sauran yinin kankaren a bushe yake. An kashe ruwa mai yawa, kuma jiƙa da bushewa a jere suna jawo tsagewa. Abin da kankare ke so shi ne danshi mara yankewa na aƙalla kwana 7, da hunturu kuwa gara a kai 10, musamman da siminti mai lamba 32.5 wanda ya fi mai 42.5 jinkirin kamawa. Kankaren da aka bari ya bushe tun ranar farko yana iya tsayawa a kusan rabin ƙarfin da ya kamata ya kai a kwana 28.

Maganin shi ne rufi. Da zarar saman ya kama yadda yatsa ba zai bar shaida ba, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa jiƙaƙƙun buhunan algarara, a rufe su da leda, a ɗora gefen kowace leda a kan 'yar'uwarta, a danne bakin da bulo ko yashi don iska kada ta shiga. Washegari ɗaga gefe ɗaya ka leƙa. In ka ga gumi ya taru a cikin ledar, buhun kuma da sanyi, ka mayar ka rufe, ba ya buƙatar komai. In ya fara bushewa, bokiti biyu ko uku da gwangwani mai huda-huda sun isa. Uwar gida ba ta barin tukunya a buɗe tana ta ƙara ruwa, murfi take sawa. Da iskar hunturu kada a jira sai gobe: ƙananan tsagogin nan da ke fitowa a saman dekin tun a sa'o'in farko suke farawa, don haka a rufe ɓangaren da aka gama tun ana zuba na gaba.

Wasu suna kewaye dekin da ɗan bakin siminti su tara ruwa a kai. Hanya ce mai kyau ga kankare, amma mai tsada ce inda ruwa ke wuya. A dekin nan na murabba'in mita 100, zurfin santimita 3 kawai lita 3,000 ne, kuma a tsakiyar bazara rana da iska suna iya ɗauke kusan santimita guda a yini, wato lita 1,000 kullum. Da damina ko inda ruwa ya wadata a yi hakan. In babu buhu, yashi mai kaurin yatsu uku da aka jiƙa aka rufe yana aiki, daga baya kuma a kwashe shi a yi gini da shi.

Ginshiƙi da linta ba a fesa musu ruwa daga nesa, domin duk a ƙasa yake ƙarewa. A bar katakon a jiki na wasu kwanaki in ba a matse da shi ba. In an cire, a naɗe da buhu, a ɗaure da leda, a ɗora jarka mai ƙaramar huda a sama tana ɗiga a hankali.

Bulo ma haka. A buga shi a inuwa, a jera kusa da juna, a rufe da leda daga washegari. In za ka yi dandamalin ajiye bulo, ka ɗan karkata shi zuwa wani ƙaramin rami da aka yi wa siminti, ruwan da ya gangaro a kamfata a sake zubawa. Filasta kuwa, a yayyafa wa bango ruwa ya yi danshi kafin a shafa, ba sai yana zuba ba, sannan a riƙa fesa masa da injin feshi irin na manoma, wanda ba a taɓa sa masa maganin ƙwari ba. Lita 16 da ke cikinsa tana rufe bangon da tiyo zai ci ganga a kansa.

Mataki na shida: ciko

Al'adar a cika harsashi da jar ƙasa har sama sannan a kira tanka ta malale shi, wai ya zauna, tana cin ruwa fiye da kowane aiki na yini ɗaya, kuma ba ta ba da abin da ake nema. Sama ya yi taɓo, ƙasa ta kasa danƙaruwa, bayan shekara biyu tayil ya fara fashewa. A zuba cikon hawa-hawa, kowanne kamar santimita 15, a yayyafa ruwa, a daddaɓe da inji ko madaɓi. Gwajin a hannu yake: dunƙula ƙasar, in ta riƙe siffarta ba ta manne a tafi ba, kuma ta fashe gida-gida in ka sake ta daga tsayin ƙugu, danshin ya yi. In da hali, a tsara ciko ya faɗo a ƙarshen damina lokacin da ƙasar ke da danshinta.

Mataki na bakwai: wanki da tiyo

A jera ganga uku. A karce simintin da ya manne a shebur, cokali da kwano tukuna, a wanke a ta farko, a ɗauraye a ta biyu, a gama a ta uku. Da safe laka ta kwanta, sai a tsiyaye na sama a kai wa bulo ko ciko, lakar a busar a zuba cikin ciko. Ruwan wankin siminti yana da kaifi, yana cin fata, yana kashe bishiya, in ya shiga kwata kuma ya daskare ya toshe wa unguwa magudana. Kada a sake shi a titi.

Tiyo kuwa, gwada naka: duba minti nawa yake ɗauka ya cika jarka. In minti biyu ne, to rabin awar da aka bar shi a ƙasa ana cin abinci jarka 15 ce. A sa masa kai mai kullewa da kansa, a ɗaure mahaɗa da ƙarfen ɗauri maimakon robar taya. Wurin alwala a sa bokiti ko a ja 'yar hanya zuwa gindin bishiyar da za a dasa. Ruwan shan ma'aikata shi kaɗai ne ba a yi masa ƙwauro: randa ko jarka mai tsabta a inuwa, a cike kullum.

Mataki na takwas: ruwan sama da rijiya

Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, a ruwan dare ɗaya na milimita 20, zai zubo da lita 2,000; ko an yi asarar kashi ɗaya cikin biyar, saura 1,600 kyauta. A Kano ruwan shekara yakan haura milimita 700, mafi yawansa daga Yuni zuwa Satumba. Don haka in aiki ya kai rufi dab da damina, a yi rufin da wuri, a sa magudanar kwano da bututu zuwa ma'aji, filasta da daɓe duk su sha daga nan. Ko rumfar sito tana cika ganga. A bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufin kafin a juya bututun.

In za ka haƙa rijiyar burtsatse, a yi binciken ƙasa kafin a kira masu inji, a nisanta ta da sokawe, naka da na maƙwabci, da mita 30 in fili ya ba da dama. Ka tuna cewa zurfafa taka yana iya janye ruwan rijiyoyin da ke kewaye, don haka yawan ruwa a hannunka ba izinin ɓarna ba ne. Famfo mai aiki da hasken rana yana ta turowa muddin akwai rana, ko tanki ya cika ko bai cika ba, shi ya sa ake ganin ruwa na kwarara daga saman gini tun azahar. A sa na'urar da ke kashe shi in tanki ya cika. Bututun da rarar ke fita ta cikinsa kuma a ja shi zuwa tanki na biyu a bakin ƙofa, a sa masa famfo ta waje yadda maƙwabta za su tara bokitinsu.